Fuskar Wada a Daro

Ɗanliti ya shiga shagon Sharu mai hoto da laka har gwiwa, da ƙullin ƙaro a hannu, da fushin da ya kwana da shi. Damina ta yanke hanyar Khartum, takardar wanke hoto ta ƙare a duk Gadarif. Shi kuwa ba zai iya jiran rani ba. Yanar ido ta kusa rufe wa tsohuwarsa Nagoggo gani, kuma abin da take roƙo ɗaya ne, ta ga fuskar ɗanta Wada, wanda tarakta ta kashe a gonakin Simsim. Wada bai bar komai ba sai afrita, hoton nan da baƙi ke komawa fari, fari ya koma baƙi.

"Usta, ka ce da ƙaro za ka yi. Ga shi. In wasa kake yi da ni, faɗa mini tun yanzu."

"Ni ba zan yi ba, hannuna rawa yake. Kai za ka yi," in ji Sharu. "Ba mai tawada ba ne kai? Jiƙa ƙaronka, zuba baƙin tukunya, yadda kake damfarar malamai."

"Tawadata ba ta taɓa zuba a allo ba!"

"Mabruk. Dama."

Ya dama, yana ƙunƙuni. Sharu ya ɗauko wata kwalba daga bayan kabad, ya karkaɗe ɗan gari ruwan goro da ya rage a gindinta cikin damin. Wani Ba'armene ne ya bar masa a Madani, ya ce, kuma guba ne, kada ya kuskura ya lasa.

"Daga wannan babu sauran. Ka ɓata, halas, shi ke nan."

Suka shafa haɗin a takarda mai kauri, ta bushe a inuwa. Suka kifa afritar a kai, suka danne da gilashi, suka kai rana. Inda haske ya ratsa, ƙaron zai daskare ya riƙe baƙin. Inda bai ratsa ba, ruwa zai narkar. Ɗanliti ya tsaya yana hararar hadari, kamar hadarin yaron shagonsa ne.

Da Sharu ya ce ya isa, ya kifa takardar a daron ruwa.

"Yanzu ka bar ta. Ruwa ne zai yi aikin. Ko ƙuda ya faɗa, kada ka cire. Ka ji, ya zol, bawan Allah?"

"Shekarata hamsin, Usta."

"Shi ya sa na maimaita."

Sharu ya zaga yin alwala. Ɗanliti ya tsuguna. Baƙi ya fara sauka daga takardar kamar hayaƙi. Ya ɗan ɗaga kusurwa: ga jallabiya, ga tagiyar Wada a karkace yadda ya saba, amma fuskar tana nan dulum. To, mutumin da ya tashi a gidan malamai, ya wanke allon rubutu ya fi a ƙirga, hannunsa ba ya neman izini in ya ga tawada a ruwa. Babban yatsa ya kai, ya murza sau ɗaya, da kyau, da tsabta.

Fari fat. Wada ya tsaya da kaya da tagiya, babu fuska.

"Inna lillahi! Jaki!" Sharu ya jefar da buta. "Allo na ba ka? Sha za ka yi?"

"Kai ka tafi ka bar ni!"

"Jariri ne kai? Da na ɗaure maka hannu a baya!"

"Wane irin aiki ne wannan, a ce mutum ya zauna kamar gunki?"

"Aikin masu hankali. Fita mini!"

Ya fita da takardar tana ɗiga, ya zagi laka, ya zagi tarakta, ya zagi Ba'armenen da bai taɓa gani ba. Yatsan nasa ne kawai bai zaga ba, don ya rasa kalmar da ta ishe shi.

A gida ya so ya ɓoye ta, amma Nagoggo ta ji motsinsa.

"Ka kawo shi?"

Ya miƙa mata, ya sunkuya yana jiran faɗa. Ta matsa bakin ƙofa wajen haske, ta kai takardar dab da hancinta, ta daɗe.

"Ya rame," ta ce. "Ba sa ba su abinci a Simsim."

Ɗanliti ya dubi idanunta, farare kamar nono.

"Ya rame, Inna."