Mai Raba Shayi a Jirgin Landan

Alhaji Iliyasu dillalin fata ne a unguwar Agege ta Ikko. Tun yana saurayi ya biyo shanu daga Gumel zuwa Ikko, ya yi fawa a kwata, daga baya ya koma sayen fatu da ƙiraga yana shanyawa yana sayar wa Turawa. Da arzikin mai ya shigo ƙasa kasuwa ta buɗe masa, ya gina bene a bayan titin jirgin ƙasa, ya tura ɗansa na fari, Uwaisu, karatun lauya a Landan. Ba ya kiran sunan yaron saboda kunyar ɗan fari, amma da wuya ya zauna a majalisa bai sako zancensa ba. "Na wajenmu da ke Ingila," haka yake ce masa.

A shekarar 1975 kamfanin da ke sayen kayansa ya gayyaci manyan dillalansa su je su ga inda ake jeme fatun. Daga Agege shi ne da amininsa Alhaji Talle, sauran kuwa mutanen Kano ne da Sakkwato da Maiduguri. Matarsa Batulu ta haɗa kilishi da yaji ta ɗaure a leda, ta ce a kai wa yaron. Tun a cikin jirgin sama Iliyasu ya gaya wa abokan tafiya cewa ɗansa ya kusa zama lauya, idan sun isa zai zo ya gaishe su.

Washegarin saukarsu ya ɗauki tasi zuwa gidan da yake aika wasiƙa. Wata tsohuwar Baturiya ta buɗe ƙofa, ta ce Uwaisu ya daɗe da tashi, sai dai yakan leƙo ya karɓi saƙo. Iliyasu ya bar mata katin masaukinsu da takardar da kamfani ya tsara musu wuraren da za su je. Da ya koma ya ce wa mutane yaron yana cikin jarrabawa.

Ranar Asabar bayan azahar aka kai su yawon buɗe ido cikin jirgin ruwa a kogin da ya ratsa birnin. Jirgin dogo ne, mai rufin gilashi da bencina. Suka zauna a gefe ɗaya, kowa ya ɗora kwat a kan babbar riga saboda sanyi. Tafintan kamfani yana nuna musu majalisar dokoki da babban agogonta, da wani tsohon kurkuku na sarakuna, da gadar da ake ɗagawa idan babban jirgi zai wuce. Talle ya leƙa ya ce ruwan nan bai fi na ƙarƙashin gadar Eko tsabta ba, aka yi dariya. Wani Alhaji Almu, Bakano mai yawan magana, ya juyo ya ce, "Alhaji Iliyasu, da lauyanmu yana nan da shi zai yi mana bayani, mu huta da Hausar tafintan nan."

A daidai lokacin wani baƙin saurayi ya fito daga ƙasan jirgin, sanye da farar riga irin ta ma'aikata, yana riƙe da faranti cike da kofunan shayi. Ya tara gashi, ya rame, amma tun daga tafiyarsa Iliyasu ya gane shi. Ya bi benci yana miƙa wa kowa, har ya iso gaban mahaifinsa. Ya ɗan rusuna, ya yi ƙasa da murya, ya yi magana da Yarabanci, yaren da ya tashi da shi a layin Agege.

"E kaabo, Baba," ya ce, wato sannu da zuwa.

Iliyasu ya karɓi kofin.

"Ashe ɗan gida ne," in ji Almu. "Me ya ce maka?"

Duk bencin suka zuba masa ido. Iliyasu ya dubi kofin da ke hannunsa.

"Wani Bayarabe ne," ya ce. "Gaishe mu yake yi."

Uwaisu ya ɗan tsaya, sannan ya matsa ya miƙa wa Talle nasa. Talle, wanda shi ya yanka ragon sunan yaron, ya karɓa ya ce, "Allah ya yi albarka," ya mai da fuskarsa wajen taga.

Iliyasu bai ƙara jin ko kalma ɗaya daga bakin tafinta ba. Aka wuce gadoji da manyan coci-coci, 'yan uwansa suna ɗaukar hoto, shi kuwa idonsa na kan ƙofar da yaron ya shiga. Ya ce wa kansa kunyar ɗan fari ce, babu uban da zai rungumi ɗansa a gaban jama'a. Ya san ba ita ba ce. Ya yi niyyar tashi ya bi shi ƙasa, sai Almu ya jawo shi a yi hoto.

Da jirgin ya tsaya, Uwaisu ne ya ɗaure igiya, ya tsaya a bakin katakon sauka yana kama hannun tsofaffi. Ya kama na mahaifinsa kamar na kowa. Tafin hannun ya yi kanta, ga sanyi.

"Da magariba nake tashi aiki," ya ce, wannan karon da Hausa, can ƙasa-ƙasa. "Zan jira a nan."

Amma da magariba shugaban kamfani ya shirya musu liyafa, kuma Iliyasu aka zaɓa ya yi godiya a madadin dillalai. Ya kasa cewa yana da uzuri, don za a tambaye shi wane iri. Ya ce a ransa gobe da sassafe zai je.

Ya je kuwa, da ledar Batulu a hannu. Mai sayar da tikiti ya ce yaron ya zauna a kan bencin can jiya har aka rufe wurin, yau kuma bai zo ba. Iliyasu ya bar masa ledar. Ya koma ranar Litinin, aka ce yaron ya zo ya karɓi saƙo ya ajiye aiki. Ranar Talata suka tashi.

A cikin jirgin sama Talle ne ya zauna kusa da shi. Sai da suka kusa sauka ya ce, "Ni dai ban ga komai ba, Alhaji, kuma ba wanda zai ji a bakina. Amma da ka amsa masa."

A gida ya ce wa Batulu ya ga yaron, lafiyarsa lau, karatu ne ya yi masa yawa. Bayan ƙaramar salla ya kasa riƙewa, ya same ta tana tankaɗe a tsakar gida ya gaya mata duka. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce, "Shayi ya kawo maka, Alhaji, ba giya ba." Ta ci gaba da aikinta.

Ya aika wasiƙu gidan tsohuwar, ya sa ɗaliban da ke zuwa hutu su yi masa cigiya. Wani ya ce ya ji Uwaisu ya shiga aikin jiragen ruwa na dakon kaya. Daga lokacin Iliyasu ya daina zancen Ingila a majalisa, mutane ma suka daina tambaya.

Da damina ta kewayo ya tafi Nguru sayen fata. Ranar da ya dawo ya tarar da Batulu a bakin ƙofar ɗakinta da sabon mayafi.

"Ya zo," ta ce. "Jirginsu na cikin masu jiran layi a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Bayan tafiyarka ya wuni a nan, ya ci tuwo, ya gaisa da ƙannensa."

"Me ya ce?"

"Ya ce jarrabawar ce ya faɗi, ya sake ya faɗi, ya rasa da bakin da zai gaya maka. Da ya ga takardar da ka bari, shi ya roƙi ogansa a sa shi a jirginku ranar. Yana ganin idan ka gan shi da idonka ba sai ya yi bayani ba."

"Ya tambaye ni?"

"Sai da ya tambayi mai gadin layi ko kana gari, da aka ce ba ka nan sannan ya shigo."

Iliyasu bai cire takalmi ba. Ya shiga danfo, bas ɗin haya, zuwa Apapa, ya kutsa tsakanin tireloli da tankoki har bakin ruwa. Wani direba ɗan Katsina ya haɗa shi da ma'aikacin tasha, aka duba masa. Jirgin ya gaji da jira, tun shekaranjiya aka juya shi zuwa Kwatano, daga can kuma ba a san inda zai nufa ba.

Ya tsaya yana kallon jiragen da suka yi jerin gwano a cikin teku har aka kira la'asar. Ya yi salla tare da direbobi a gefen wata tirela, sannan ya nemi motar Agege.