Wa Za a Miƙa wa Kwakwa

Onkar na tsugune a bakin ƙofa yana goge takalminsa na makaranta, mai rabon jarida ya wurgo ta ta saman katanga, ta faɗa kusa da turken saniya. Ya yi maza ya ɗauke kafin ɗan maraƙi ya riga shi. Yau Asabar, kuma shi ne a kan layin karanta labarai a taron safe, don haka ya wuce kai tsaye shafin ciki, inda ake buga labaran jiha da na ƙauyuka.

Da hoton babansa ya fara cin karo. Ga Dattatray Nikam nan da farar hula, riƙe da almakashi, yana yanke ƙyalle a bakin sabuwar gadar rafi. A ƙasa an rubuta cewa Sarpanch na Dhamanwadi, wato shugaban majalisar ƙauye, Dattatray Nikam, ya buɗe gadar da 'yan makaranta suka daɗe suna jira. Can a ƙarshen hoton akwai rabin kafaɗar wata mace da gefen koren sari. Onkar ya san sarin, shi ya kwaso shi daga igiyar shanya shekaranjiya.

Abin da jaridar ta manta, ko yaron goye a Dhamanwadi ya sani. A zaɓen da ya wuce, kujerar shugabancin majalisar ƙauye ta faɗo a rabon mata, kamar yadda ake kewayawa da ita. Dattatray ya yi shekaru yana zawarcin kujerar, don haka bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya tsayar da matarsa Sulbha. Ita aka zaɓa, sunanta ne a allon ƙofar ofis, sa hannunta ake jira a kowace takarda. Amma mai ƙorafi da mai neman famfo da ɗan jarida duk wajen mijin suke nufa, su ce masa Sarpanch, shi kuwa ya amsa ko waiwaye babu. Ba wanda yake ganin aibun haka, don ƙauyen gaba ma haka ake yi.

A madafa innarsa na lailaya gurasar dawa tsakanin tafukanta tana ɗorawa a kasko. Baban ya shigo yana ɗaura agogo, ya karɓi jaridar, ya nisanta ta da fuskarsa yana murmushi.

"Sun ƙara min tumbi, 'yan banza. Kai za ka karanta yau ko?"

"Ni ne, Baba."

"To ka buɗe baki, ban da maganar nan taka ta cikin hanci. Hedimasta ya gayyace mu, tun da gadar taku ce." Ya juya wajen matarsa. "Ki yi sauri ki shirya, kada a ce Sarpanch ya makara."

"Ka yi wa injiniya maganar ƙarfen gefe?" ta tambaya, idonta a kan kasko. "Gadar nan ba ta da abin dafawa. In ruwa ya kawo, yara da kekuna..."

"Sannu a hankali. Ai dai gada ta samu."

Ta jawo kwakwa ɗaya daga kwandon da ke ƙarƙashin kanta, ta fasa. Tun da aka ci zaɓe gidan bai sake sayen kwakwa ba. Duk taron da aka je, za a yafa wa babban baƙo mayafi a miƙa masa kwakwa, shi kuma ya miƙa wa matarsa ta baya ya ce "riƙe min" kafin ya tashi jawabi. Washegari sai a gan ta a miya.

Onkar ya fita da jaridar a hammata, zuciyarsa ba daɗi. Mai karanta labarai shi ne kuma mai ɗaukar farantin mayafi da kwakwa idan akwai baƙo, wato yau da bakinsa zai karanta sunan babansa, da hannunsa zai kai mayafin. Da a ce baban bai yi komai ba, da abin ya zo masa da sauƙi. Amma ya sha hawa bayan babur ya raka shi ofishin gunduma, ya ga yadda ake shanya shi a benci tun hantsi har la'asar saboda wannan gada. Ya kuma san abin da ba a fita da shi waje ba. Da farko babbar ƙofar gari baban ya so ginawa, mai fenti da suna a sama. Innarsa, da ta gaji da ganin 'yan mata na tsallake rafi da jakunkuna a ka, ba ta yi gardama ba. Duk lokacin da aka kawo takardar ƙofar sai ta nuna hannuwanta ta ce, "Da garin dawa a hannuna, ajiye tukuna." Garin nan bai bar hannunta ba sai ranar da aka kawo takardar gada.

A filin makaranta an zauna sahu-sahu a inuwar darbejiya. Abokinsa Tanaji ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Ɗan Sarpanch biyu. Wai a gidanku wa ke ba wa izinin fita?"

"Ka kiyaye ni yau, Tanaji."

"Ni dai in na girma mata zan aura ta ci min zaɓe. Aiki ya ƙare."

Taron Asabar na Malam Kamble ne, mai koyar da darasin mulki, ɗan siririn mutum mai tabarau ɗaure da zare. Shi ya ƙirƙiro al'adar: a karanta labarin jiha ɗaya, na gida ɗaya, ɗalibai su faɗi ra'ayinsu, ba duka ba zagi. Dokarsa ɗaya ce, kuma ya maimaita wa Onkar ita yana gyara masa makirufo. "Mai karatu ba ya ƙari, ba ya ragi. Ra'ayi na masu sauraro ne."

Baƙi suka iso. Hedimasta ya tarbi Dattatray da hannu biyu ya kai shi kujerar tsakiya, wadda aka shimfiɗa wa farin tawul. Sulbha ta zauna a layin baya kusa da malamai mata, ta ja gefen sarinta ta rufe kai.

Onkar ya fara da labarin jiha. Gwamnati ta ce saboda zafin bazara za a riƙa shiga aji da sassafe a tashi kafin rana ta take. Hannaye suka tashi kamar an ce za a raba alewa.

Tanaji ya miƙe. "Malam, wanda ya yanke wannan hukunci bai taɓa tatsar ɓaunar gida ba. Tamu ba ta ba da nono sai gari ya waye sosai. Ko dai su aiko mata da sanarwa, ko su bar ni in makara."

Aka kwashe da dariya. Wata 'yar aji bakwai ta ce ita gara zafin aji, don in aka koma gida da wuri wanke-wanke ne ke jira. Wani ya ce in da gaske gwamnati na tausayinsu, ta gyara fankokin da suka zama ado. Malam Kamble na gyaɗa kai, ba ya cewa eh, ba ya cewa a'a. Dattatray ma ya dara har da dukan cinya.

Aka zo labarin gida. Onkar ya buɗe shafin. Ya karanta shi yadda yake, suna da muƙami, bai rage ko wasali ba, kuma da ƙarfi kamar yadda aka umarce shi. Aka yi tafi. Da ya ɗago, sai ya ga innarsa ma tana tafi, a hankali, tana kallon ƙasa. Kunya ta kama shi, ba ta kowa ba sai ta kansa.

Wani yaro ya tashi ya yi godiya, ya ce bana ba mai jiƙa littafi. Sai Rutuja Mane, 'yar ajinsu, wadda gidansu ke ƙetaren rafi, ta ɗaga hannu. Yarinya ce marar hayaniya, shi ya sa da ta miƙe aka yi tsit.

"Malam, gada ta yi kyau, mun gode. Amma ba ta da ƙarfe a gefe. Jiya ƙanena ya kauce wa amalanken rake, saura kaɗan ya faɗa da kekensa." Ta dubi Malam Kamble. "Kuma ina da tambaya. Ka koya mana cewa wanda aka zaɓa shi ake kai wa kuka. Ranar zaɓe innata ta dawo da tawada a yatsa, ta ce Anti Sulbha ta zaɓa. Jarida kuma ta ce Kawu Dattatray. To wa za mu kai wa?"

Ba rashin kunya a muryarta, tambaya ce tsakani da Allah, kuma wannan ne ya sa ta yi nauyi. Hedimasta ya shiga neman wani abu a aljihu. Malam Kamble ya cire tabarau yana gogewa.

Dattatray ne ya ceci taron. Ya yi dariya ya buɗe hannuwa. "Duk ɗaya ne, 'yata. Gida ɗaya, tukunya ɗaya."

Manya suka taya shi dariyar, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Hedimasta ya yi wuf ya karɓi makirufo. "Madalla da ra'ayoyi. Yanzu sai a kawo wa Sarpanch ɗinmu mayafi da kwakwa."

Aka ɗora wa Onkar farantin a hannu. Gaba kura, baya siyaki. Tun daga nesa ya hango babansa ya gyara zama, ya ɗan sunkuyar da kafaɗu yadda mayafi zai hau da kyau, yana masa murmushin alfahari. Yana ƙaunar mutumin nan. Bai taɓa dukansa ba, shi ya koya masa keke, kuma mutuncinsa a gaban mutane ne kaɗai abin da ba ya wasa da shi. Amma da farantin nan a hannu ba karatu yake yi ba, dokar Malam Kamble ta ƙare a makirufo.

Ya iso gaban kujerar mai farin tawul, ya rusuna. "Baba, gafara," ya ce ƙasa-ƙasa, ya raɓa ta gefe ya shiga layin baya.

Sulbha ta zaro ido. "Kai, me kake yi?" ta raɗa. "Koma wajen babanka."

"Sarpanch aka ce, Inna."

"Za ka ja mana magana a gari."

Bai motsa ba. Wata tsohuwar malama da ke gefenta ta miƙe ba tare da ta dubi kowa ba, ta warware mayafin ta yafa mata, ta ɗora mata kwakwar a hannu. Daga sahun 'yan mata tafi ya fara, ya bazu. Dattatray na zaune yadda yake, kafaɗunsa a sunkuye, murmushin ya bushe a fuskarsa.

Wanda aka yafa wa mayafi shi ke jawabi, haka al'ada take, ba yadda hedimasta zai yi. Sulbha ta taso kamar mai taka ƙaya. Da ta zo daidai kujerar mijinta ta ga ga makirufo, ga mayafi na zamewa, ga kwakwa, hannu biyu ba za su isa ba. Sai ta miƙa masa.

"Riƙe min, maigida."

Ya karɓa. Me zai yi, ido ya yi yawa.

Muryarta ta fito siririya da farko. "Ni ban iya jawabi ba. Gadar nan, maigidana ya sha wuya a kanta, kowa ya sani." Ta nemo Rutuja da ido. "Ke 'yar Shevanta ce ko? Maganar ƙarfe gaskiya ce, ni ma tana raina. Ranar Litinin in an tashi ki zo ofis, ke da duk mai ƙetare rafin. Za ku same ni a ciki."

Iyakar jawabin ke nan. Ba a taɓa yin gajere irinsa a makarantar ba, kuma ba a taɓa samun ta a ofis ba sai ranar sa hannu.

Da aka tashi da rana Onkar ya bi doguwar hanya, ta bayan gonakin rake, yana jan ƙafa. Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ya tarar da babansa a tsakar gida, ya tuɓe riga yana wanke babur. Ya gaishe shi. Baban ya ci gaba da dirzar taya kamar bai ji ba. Onkar ya tsaya da jaka a kafaɗa.

"Karatun ya fita," in ji baban can, bai ɗago ba.

"Na gode, Baba."

Ya matse tsumma, ya goge kujerar baya, ya sake gogewa ko da yake ta fita tas. "Ranar Laraba injiniya yake zama a ofishin gunduma. Ka gaya wa Sarpanch in za ta, da sassafe za mu fita. Ta kuma taho da abin shimfiɗa, bencin nan ba shi da tausayi."

Onkar ya shiga madafa. Innarsa na zaune a kan 'yar kujera mai magogi a bakinta, ta riga ta fasa kwakwar tana gogewa, mayafin na ninke a kan buhun dawa.

"Ya yi magana?" ta tambaya a hankali.

"Ya ce Laraba, da sassafe."

"Wa ya ce ka gaya wa?"

"Sarpanch."

Hannunta ya tsaya. Ta dubi ƙofa, inda ƙarar ruwa ke tashi a jikin babur, ta daɗe. Sannan ta ci gaba da guga.

"Wanke hannu ka kai masa abinci," ta ce. "Ka zuba masa miyar da yawa."