Ruwan Badafi a Taswira

Duk sanda Dije ta kira ƙanwarta Barakatu a Badafi ta tambaye ta ruwa, amsar ɗaya ce: "Ruwa ya yi gyara, Yaya."

Ran nan 'yarta Zulaihat, malamar gona a Doguwa, ta buɗe mata taswirar fari a waya: inda damina ta zauna kore, inda ƙasa ta bushe ja. Dije ko kallon Doguwa ba ta yi ba.

"Kai ni Badafi," ta ce.

Zulaihat ta matsar da taswirar da yatsa. Badafi ta fito ja wur.

Dije ta gyara ɗaurin zani ta nufi rumbu tana mita: "Tun tana ƙarama haka take, ko ƙaya ta taka sai ta ce lafiya lau. Nemo min ɗan acaɓa, a kai mata masara."