Baƙin da Ya Rage a Huhun Mama Judith

"Ku ɗaga mata riga ta gefe," in ji likita. Ni na ɗaga, mijinta, Baba Wilson, yana tsaye a gefe.

Mama Judith maƙwabciyata ce a Makera, ƙofa na kallon ƙofa shekara goma sha ɗaya. Da mura abin ya fara. Kwana biyar muna mata surace da ganyen darbejiya, kuma ni uwar iyawa, ni ce mai tafasa ruwan. Da muka kai ta asibiti, ko ɗakin hoto ba a iya tura ta ba, ana cire mata oksijin sai ta fara haki. Shi ne likita ya kawo na'urar sikanin har bakin gado.

Ya shafa mata man nan mai sanyi a haƙarƙari. Ta janye robar hancinta.

"Likita, na san wannan abin. Sau nawa aka ɗora mini a ciki? Kullum baƙi wuluk, ba kowa."

Ba ta taɓa haihuwa ba, duk da rabin yaran layinmu a ɗakinta suka koyi cin tuwo.

"Mama, a huhu baƙin muke so," ya ce. "Fararen layukan nan da ke saukowa ruwa ne, ƙwayar cuta ce ta tara shi."

"Ka ji, Wilson? Yau dai an ga wani abu."

Ta so yin dariya, tari ya hana ta.

Kullum da safe sai likita ya zo ya duba. In ya ga allon na'urar ya ce a rage ƙarin ruwa, ko a kwantar da ita rub da ciki. Ni da ban gama sakandare ba har na iya karatun allon. Akwai wani ɗan baƙi a sama ta hagu, faɗin tafin hannu, da shi take numfashi. Matan Zumuntar cocinsu suna waƙa a baranda, ni kuwa addu'ata ɗaya ce, kada baƙin nan ya ragu. Ran Laraba ya koma faɗin yatsa uku. Tsoro ya kama ni, ban gaya wa kowa ba.

"Likita, da mun kawo ta tun ranar farko fa?" na ce.

Ya daɗe yana goge kan na'urar. "Madam, ku ci gaba da juya ta."

Ran Juma'a da hantsi ya ɗora mata na'urar, ya matsa sama, ya koma baya, ya sake dawowa. Fari ne ko'ina. Baba Wilson bai dubi allon ba, fuskata ya duba, ni kuwa na kasa ɓoyewa.

Kafin ƙarfe biyu ta cika.

Da muka zo canja mata riga, na tarar da sauran man a haƙarƙarinta na hagu, bai gama bushewa ba. Na sa gefen zanena na goge mata a hankali, don ta sha faɗa cewa yana da sanyi.