Shingen Baffa Alkasim

A bakin dajin Ɗansoshiya akwai wani ɗan tsuntsu mai jan wuya. Mu ba mu taɓa kula da shi ba, sai da wata mata, Malama Lubna, ta zo daga ƙungiyar kare tsuntsaye ta ce ya kusa ƙarewa a duniya. A cikin sarƙaƙiya kaɗai yake sheƙa, ga awakinmu kullum suna kutsawa suna cinye tohon.

Aka ba Baffana Alkasim aikin gadin wurin, har da koriyar riga da hula. Sharaɗi ɗaya ne: idan ta dawo bayan kaka, ta tarar da tsuntsayen suna nan. In ba haka ba, ya tuɓe rigar. Shi kuwa Baffa ko masallaci da ita yake zuwa.

Da farko da sanda yake korar awakin, suna fita ta gabas suna komowa ta yamma.

"Alkasim, kai da akuya wa ke gadin wani?" in ji Inna Kaltume, wadda rabin awakin nata ne.

"Ki dai jira, Yaya. Shinge zan yi."

Ya kira gayya, aka dama kunu, maza suka fito da gatura. A garinmu kuwa da ƙaya ake shinge, kowa ya sani, kuma babu inda ƙaya ta fi kyau da kusa kamar cikin wurin nan. Suka yi ta sara suna ja suna jerawa, har da waƙa. Kafin la'asar shinge ya kai kafaɗa. Ko ɗan akuya bai ƙara shiga ba.

Bayan kaka Malama Lubna ta dawo. Ta yaba shingen ƙwarai, sannan ta leƙa ciki da madubin hangen nesa. Fili fetal, sai kututture.

"Baba, ina sarƙaƙiyar?"

"Ga ta nan kin dafa, ranki ya daɗe," in ji Baffa yana murmushi. "Ko reshe ɗaya ba mu yar ba."

Ta sauke madubin. Da ta buɗe baki, rigar ta nema.

Baffa bai zauna babu aiki ba. Masu lambu tun daga Kiru har Tudun Wada sun ga shingen, yanzu layi suke yi a ƙofar gidansa, kowa yana tambaya ko da sauran irin wannan ƙayar a dajin.