Kofin Ruwan Baba Mai Famfo

"Juya hagu, Baba. A hankali."

Autarsa ce riƙe da wayar, ni kuma na tallafo ƙeyarsa, don wuyan ya daina ɗaukar kan. Wayar ta gama nazarinta ta rubuto cewa wannan ba fuskar mai shafin ba ce.

Baba Mai Famfo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Gaskiyarta. Ni ma jiya na duba madubi ban gane mutumin ba."

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Shekara talatin yana gyaran famfo, da ya ajiye aiki sai ya tsiro da wani abu. Kullum da safe zai tari ruwan layinmu a kofin gilashi, ya ɗora kan katanga, ya ɗauki hoto ya sa a shafinsa na intanet. Ba zagi, ba sharhi, kwanan wata kawai. Ruwa jawur kamar shayi. Shekara uku ana haka, har wasu unguwanni suka fara turo nasu. Sai wani ofishin gwamnati ya kai ƙara wai yana tunzura jama'a, aka rufe shafin da hotunan duka. Kofin ruwa fa, jama'a! Aka ce in yana so a buɗe, ya nuna fuskarsa a tabbatar shi ne. Ciwo kuwa ya riga ya cinye fuskar.

Sau tara muka gwada. Auta ta aske masa gemu, muka ja gadon zuwa bakin taga, har auduga na so in cusa masa a kumatu, ya harare ni.

"Maƙwabciya," ya ce, "ke famfonki ba ya kawo ruwa ne?"

Na gane nufinsa: ban taɓa tura hoton nawa ruwan ba. Ɗana ma'aikacin gwamnati ne, Baba ya sani sarai.

Ranar Talata da hantsi ya cika, shafin yana nan a rufe. Na yi kuka, amma wallahi haushin ya fi kukan yawa.

Washegari na shiga ɗakinsa na ɗauko kofin. Ɗana ya gan ni a bakin famfo.

"Mama, don Allah ki rufa mini asiri."

"Kai ma shi kake sha," na ce.

Na tari ruwan na ɗora kan katanga, na ɗauki hoto, na rubuta kwanan wata, na tura da sunana. Ina juyowa na ga Auta ta ajiye nata kusa da nawa. Muka tsaya muna kallon lakar tana kwanciya a gindin kofunan.