Hancin Gedevan

A ƙauyenmu na bakin kogin Alazani, duk mai buɗe randar giyarsa sai ya kira Gedevan ya shinshina. Shekara hamsin yana zuba farin inabi mai ƙamshi, har da ɓawonsa da ƙwayoyinsa, a randunan da kakansa ya binne a ƙasa, ya liƙe bakinsu da yumɓu wata shida. Giyar kan fito launin zuma. Mabuɗin ɗakin randunan kuwa a wuyansa yake kwana.

Wata mura ta kwantar da shi lokacin sanyi. Ya tashi, amma hanci ya mutu, harshe ma haka. Bai faɗa wa kowa ba. Tsisana, matar ɗansa Bondo, ita ta gano, ranar da wake ya ƙone a gefensa bai ko motsa ba. Ta kai wa mijinta labari, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan mabuɗin nan.

Ranar buɗe randa Bondo ya tara mu maƙwabta, aka jera burodi da cuku da gasasshen nama. A ƙaho muke shan giya, kuma mai gida ke shan ƙahon farko, ya yanke wa giyar shekara hukunci. Bondo ya cika ƙaho, amma daga wata ƙaramar randa ta lungu ya ɗebo, wadda murfinta ya tsage, giyarta ta koma ruwan tsami. Ni da nake can ƙarshen tebur sai da warin ya bugi hancina.

"Karɓi, Baba," in ji Bondo. "Faɗa mana yadda take."

Gedevan ya kai hanci, ya lumshe ido, ya kurɓa.

"Ta fi ta bara," ya ce. "Ƙamshin furen ya zauna."

Sai Shalva mahauci ya tuntsire da dariya.

"Tsoho, wane fure? Da wannan matata ke jiƙa kabeji."

Dariya ta zagaye teburin. Gedevan ya dubi ƙahon, ya dubi ɗansa, ya gane. Ya nemi inda zai jingine ƙahon.

"A'a, Baba," in ji Bondo a hankali. "Kai ka koya mini ba a ajiye ƙaho da saura. Ba ka ce ta fi ta bara ba?"

Ya shanye tas, maƙogwaro na ƙuna, ido na zubar da ruwa. Mu goma sha ɗaya muna zaune, babu wanda ya riƙe hannunsa, har ni. Bondo ya miƙa tafin hannu. Tsohon ya cire igiyar daga wuyansa ya ɗora masa mabuɗin.

Har yau Gedevan ke zama a kan gaba wurin cin abinci, ba su rage masa wannan ba. Sai dai tulunsa daban ne, daga randar lungu ake cika shi. Na taɓa yi wa Tsisana magana a kan haka. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga kwaɓin da take yi.

"Kawu, ai duk ɗaya ne a bakinsa. Don me za a ɓata mai kyau?"